Ƙyauren haske: daga hasumiyar Agadas zuwa rijiyoyin Cibarakaten

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma tun lokacin da hoto ya shigo ƙasashen nan aka jingina masa wannan karin magana kamar dominsa aka yi ta. Idan gardama ta sarƙe a kan yadda kasuwar Agadas take a zamanin kakanni, ko a kan irin tufafin da ma'aikatan Arlit na farko suke sawa, da an fito da tsohon hoto sai kowa ya yi shiru. Amma hoto shaida ne mai ƙayyadadden wa'adi. Bai san kome ba face abin da ya gudana cikin ɗan lokacin da aka bar haske ya shiga akwati, ko minti goma ne, ko abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Mai yanke wannan wa'adi wata ƴar na'ura ce da ke ɓoye cikin kyamara, wadda ake kira obturateur da Faransanci. Hausa ba ta tsayar mata da suna guda ba. A wannan maƙala za a kira ta ƙyauren haske, domin aikinta bai wuce na ƙyauren ɗaki ba, wato ta buɗe ta rufe.

Tarihin wannan ƙyaure ya shafi jihar Agadas kai tsaye. Saurinsa ko nawarsa ne ya zaɓi wanda zai fito a hotunan Abzin da wanda zai ɓace, tun daga matafiyan Turawa na ƙarni na 19 har zuwa samarin da ke ɗaukar hoto da wayar hannu a bakin rijiyoyin zinariya na Cibarakaten. Saboda haka malamin tarihi ko ƙungiyar raya al'adu da ke son kafa hujja da hoto, ya kamata su fara sanin tsawon lokacin da ƙofar ta yi a buɗe.

Ɗaki mai duhu

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu da ƴar kafa a bango. Masanin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi gwaji da fitilu, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken kowace fitila yakan bi ta kafa ɗaya ya sauka a nasa wuri ba tare da ya gauraya da na sauran ba. Duk wanda ya taɓa kishingiɗa da rana a ɗakin ƙasa mai tsagaggen ƙyaure, ya ga surar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa, ya riga ya shaida wannan da idonsa. Abin da ya rage wa masana shi ne su sami abin da zai riƙe surar kada ta gushe.

Nicéphore Niépce ya cim ma haka a Faransa a 1826 ko 1827, da farantin ƙarfe da ya shafa wa wani irin kwalta mai taurara idan rana ta taɓa shi. Farantin ya yi aƙalla awa takwas yana shan haske a bakin taga, har rana ta haska gine-ginen daga gefe biyu cikin hoto guda. A nan matsalar ta bayyana: ana bukatar wani adadi na haske, ba ƙari ba ragi. Masu lambu na Timiya da Tabelot sun san irin wannan lissafi. Mai ban ruwa yakan buɗe bakin fangali da fartanya, ya bar ruwa ya shiga, sa'an nan ya toshe da ƙasa. In ya yi gaggawa shuka ta ƙone, in ya yi nawa ta ruɓe. Cikar fangali ta dogara ga ƙarfin ruwan, da faɗin bakin da aka buɗe, da daɗewar da ya yi a buɗe. A kyamara ma haka ne: ƙarfin haske, faɗin tagar da ke cikin gilashin ido, da lokacin da ƙyaure ya bayar. Sai abu na huɗu, wato saurin jin hasken da faranti ko fim yake da shi.

A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi na birnin Faris mai suna Boulevard du Temple. Titi ne mai cinkoson karusai da masu tafiya a ƙasa, amma a hoton ya fito wayam kamar an yi shara, don kuwa faranti ya yi mintoci da dama a buɗe, kuma duk abin da ke motsi bai tsaya wuri ɗaya ba balle ya bar alama. Wanda ya tsira shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalma. Wannan hoto ya ƙunshi darasin farko ga mai karatun tsoffin hotuna: ƙyaure mai nawa yana riƙe gini da dutse da mai zaman hutu, yana share mai ɗauke da kaya da mai kai da kawowa.

A wancan zamani babu wata na'ura da ke wannan aiki. Mai hoto yakan cire murfin gilashi da hannu, ya duba agogo ko ya ƙirga a zuci, ya mayar. Ido ba mudu ba, ya san kima. A shagunan hoto na Turai har ƙarfe ake kafawa bayan wuyan mutum don kada kansa ya girgiza.

Alƙalamin Barth da farantan Foureau

An bayyana wa duniya fasahar Daguerre a 1839, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka ɗauki hoto a Iskandariyya ta Masar. Duk da haka, sa'ad da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdul Karim, ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, alƙalami da takarda ya dogara gare su. Da hannu ya zana garin da hasumiyar masallacinsa. Ko fasahar da ta biyo baya, wadda Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851, ba ta dace da ayari ba: dole a shafa wa farantin gilashi magani, a ɗauka, a wanke, duka cikin ƴan mintoci kafin ya bushe, a cikin tanti mai duhu da ruwa mai tsabta. A ƙasar da iska ke busar da jiƙaƙƙen rawani nan da nan, kuma ake auna ruwa da salka, wannan aiki ne mai wuyar gaske.

Sauyi ya zo da busasshen faranti, wanda Richard Maddox ya ba da bayaninsa a Ingila a 1871, aka shiga sayar da shi a kasuwa kafin 1880. Ana iya ɗaura shi a kan raƙumi watanni, a wanke daga baya. Bugu da ƙari yana jin haske da sauri ƙwarai, har ya zama hannun ɗan Adam ba zai iya cire murfi ya mayar cikin lokacin da ake bukata ba. Daga nan ƙyaure na inji ya zama tilas. A 1878, a Kalifoniya ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, kowace da ƙyauren da ke sakuwa idan doki ya iso gabanta, ya nuna cewa akwai lokacin da ƙafafu huɗu na doki mai sukuwa duk suna sama, a tattare ƙarƙashin cikinsa. Mahaya sun yi dubban shekaru bisa doki ba su tabbatar da haka ba. A 1888 Bajamushe Ottomar Anschütz ya yi rajistar wani ƙyaure na labule mai kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, daƙiƙa kuwa ita ce kashi ɗaya cikin sittin na minti.

Da irin kayan wannan sabon zamani ayarin sojan Faransa na Fernand Foureau da kwamanda Lamy ya ratsa Sahara. Sun iso Iferwan a watan Fabrairu na 1899, suka shiga Agadas a ƙarshen Yuli, suka kai Damagaram a farkon Nuwamba. Littafin da Foureau ya wallafa a 1902, D'Alger au Congo par le Tchad, cike yake da hotunan da shi kansa ya ɗauka, kuma suna cikin mafi daɗewar hotunan Abzin da ake da su. Sai dai a tuna cewa raƙuman ayarin sun mutu da yawa a hanya, aka riƙa karɓar na mutanen ƙasa da ƙarfin bindiga. Mutumin da ya tsaya cik a gaban kyamarar irin wannan baƙo, mai yiwuwa ba natsuwa ce ta tsayar da shi ba. Ƙyaure yana auna lokaci, amma hannun da ke riƙe da shi ne yake zaɓar lokacin.

Ganye da labule

A ƙarni na 20 ƙyauren inji ya kasu gida biyu. Na farko ƙyauren ganye ne, wanda ke zaune a tsakiyar gilashin ido. Wasu siraran ganyayen ƙarfe ne, sau da yawa biyar, masu hawa kan juna. Mai hoto yakan ɗana shi kamar tarko, wato ya matse wani ƙarfe mai tsalle. Da ya danna maɓalli sai ganyayen su ja da baya daga tsakiya, su tsaya, su koma. Abin da ke riƙe su a buɗe na rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda wasu ƙananan haƙoran ƙarfe ne irin na cikin agogo, shi ya sa ake jin ɗan kuka siriri idan an zaɓi lokaci mai tsawo. Mafi shaharar wannan iri shi ne Compur, na kamfanin Friedrich Deckel da ke Munik a Jamus, wanda ya fito a 1912. Da yake sai ganyayen sun je sun dawo, da wuya saurinsa ya wuce 1/500 na daƙiƙa.

Na biyu ƙyauren labule ne, wanda ke can baya, dab da fim. Labule biyu ne: na farko ya zuge ya buɗe fim, na biyu ya biyo shi ya rufe. Idan ana son lokaci mai tsawo, na biyu yakan jira na farko ya kai ƙarshe. Idan kuwa ana son 1/1000, na biyu yakan taso tun na farko bai yi nisa ba, sai ya zama wata siririyar tsaga ce kawai ke ratsa fuskar fim daga gefe zuwa gefe. Kowane ɗigo na fim ya sami haske na 1/1000, alhali tafiyar tsagar gaba ɗaya ta ɗauki lokacin da ya fi haka nesa. Ma'ana, gefen dama na hoton da gefen hagu ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, abin da kan sa tayar mota mai gudu ta fito a karkace kamar ƙwai. Kyamarar Leica ta 1925 da labulen ƙyalle ta fito. Daga 1960 kamfanin Copal na Japan ya yaɗa na ƙarfe mai sauka daga sama zuwa ƙasa, kuma a 1982 Nikon FM2 ta kai 1/4000.

Lambobin da ke jikin kyamara, 30, 60, 125, 250, 500, kowace tana nufin kashi ɗaya cikin wannan adadi na daƙiƙa, kuma kowane mataki yana rage haske da kusan rabi. A tsakar ranar Arlit, da fim mai lamba 100 da taga a ƙuntace a lamba 16, 1/125 ya wadatar, har yakan yi yawa bisa farin yashi. A ɗaki mai fitilar kananzir kuwa sai an kai daƙiƙa guda ko fiye. Hamada tana da nata sharri ga kowane iri: ƙurar hunturu takan cakuɗe da man da ke jikin ganyaye su daskare, labulen ƙyalle kuma, a kyamarar da ba ta da madubi a gabansa, rana kan iya huda shi idan an bar gilashin ido yana kallonta ba murfi, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi.

Kyamarar silima tana da nata ƙyaure na dabam, wato rabin faifai mai juyawa, wanda ke tare haske a daidai lokacin da ake jan fim zuwa hoto na gaba. Da irinta T. A. Glover ya raka Angus Buchanan daga Kano a 1922, suka bi ta Agadas, suka shiga ayarin gishiri zuwa Bilma, suka fita ta Aljeriya a 1923. Tun da aka tsayar da hoto 24 a daƙiƙa a zamanin fim mai magana, kowane hoto yana samun kusan 1/48, kuma rabin lokacin duka kyamara a rufe take. Mai kallon fim ɗin awa guda, rabin awa ne kawai na abin da ya faru yake gani.

Ƙyaure a hannun ƴan ƙasa

Abin mamaki, tsohuwar dabarar cire murfi ta daɗe a Afirka ta Yamma bayan Turai ta bar ta. Masu hoton bakin kasuwa suna da akwatin katako bisa ƙafa uku, wanda kafinta ke iya ƙerawa, da takarda mai jin haske a madadin fim, da ƙananan kwanonin magani a cikin akwatin kansa. Takarda ba ta da saurin fim, don haka hannu ya isa: a cire murfi, a ƙirga, a mayar, a zura hannu ta hannun riga a wanke hoton nan take. Dubban hotunan katin shaida da wannan akwati aka yi su. Masu tarihin Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, sun ruwaito cewa babbar kyamararsa ƙyaurenta a karye yake, da murfi yake aiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutanen da ke cikin hotunan wancan zamani suke jingine da kujera ko rediyo ko keke, fuska a ɗaure. Ɗalibin da ya ce mutanen da ba sa dariya, a tuna masa cewa murmushi yana da wuyar riƙewa ba motsi.

A Nijar, da yawa daga masu shagunan hoto na farko baƙi ne daga gaɓar teku, musamman Yarbawa, kamar yadda Érika Nimis ta nuna a littafinta na 2005 kan masu hoton Afirka ta Yamma. Wanda ya fi suna shi ne Philippe Koudjina, da aka haifa a Kwatano a 1940, ya zauna Yamai tun 1959, ya rasu a 2014. Hotunansa na gidajen rawa na Yamai a shekarun 1960 da 1970 sun nuna mutane cikin dariya da juyi, da dare. Sirrin yana ga fitilar walƙiya. Haskenta ba ya wuce kusan 1/1000 na daƙiƙa, saboda haka a cikin duhu ita ce take zama ƙyaure na haƙiƙa: duk abin da walƙiya ta tarar, shi ya daskare. Ƙyauren ganye, irin na Rolleiflex da Yashica da suka yawaita a shagunan wancan lokaci, yana tafiya da walƙiya a kowane sauri, tun da yana buɗe fim gaba ɗaya. Na labule kuwa sai an tsaya a 1/60 ko 1/125, in ba haka ba rabin hoton ya fito baƙi.

A daidai wannan zamani aka kafa Arlit. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a Akuta a 1978, a zurfin mita 250 ƙarƙashin ƙasa, ma'aikatansa na zaune a Akokan. Gari ne na baƙi daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Dosso da ƙasashen maƙwabta, kuma baƙo yana bukatar hoto sau biyu: ƙarami na takardun neman aiki, da babba wanda zai aika gida a ga ya samu. Hoton shago yana nuna sabon agogo da wankakkiyar riga, domin a wurin da haske ya wadata aka ɗauke shi, a ranar hutu. Ramin haƙa kuwa duhu ne da ƙura, kuma ƙofarsa a hannun kamfani take. Saboda haka kundin hotunan iyalan Arlit ya fi ba da labarin ranar Lahadi bisa ga ranar Litinin.

Hasken da ba ya jiran a buɗe masa

Akwai wata tsohuwar dangantaka tsakanin hoto da dutsen Arlit. A ƙarshen Fabrairu na 1896, a Faris, Henri Becquerel ya naɗe farantan hoto cikin baƙar takarda mai kauri, ya ɗora gishirin uraniyom a kai, yana nufin ya shanya su a rana. Hadari ya rufe gari, sai ya ajiye su cikin aljihun tebur. Ranar 1 ga Maris ya wanke su, ya tarar sun yi baƙi kamar an buɗe su ga haske. Uraniyom da kansa yake fitar da wani tiriri marar ganuwa wanda takarda ba ta tare shi. Wannan bincike ya ba shi kyautar Nobel a 1903 tare da Pierre da Marie Curie. Daga baya aka mayar da abin ma'auni: ma'aikatan nukiliya a ƙasashe da dama sun riƙa rataya ɗan guntun fim a rufe a ƙirji, ana wanke shi lokaci-lokaci, gwargwadon baƙinsa gwargwadon abin da jikinsu ya sha. Hoto ne marar ƙyaure, wanda wa'adinsa makonni ne.

Wannan tiriri ba ya fitowa a hoton shago ko na titi, shi ya sa gardamar Arlit ta koma ga na'urorin awo. Ƙungiyar Aghir In'Man ta garin ta gayyato masu binciken CRIIRAD daga Faransa a 2003, kuma a watan Nuwamba na 2009 Greenpeace ta ba da rahoton cewa ta auna, a wani wuri cikin titunan Akokan, abin da ya kai kusan ninki 500 na yadda aka saba. Masu fim ma sun fuskanci matsalar nuna abin da ido ba ya gani. Idrissou Mora-Kpai a Arlit, deuxième Paris na 2005, da Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin ma'adinin, a La colère dans le vent na 2016, sun dogara ga fuskoki da muryoyin mazauna garin da ƙurar da iska ke kwasowa. A irin wannan wuri ji ne yake taimakon gani.

Cibarakaten: kyamara ba ƙyaure

A 2014, ƴan watanni bayan an ga zinariya a Jado, aka gano ta a Cibarakaten, ɗaruruwan kilomitoci arewa maso gabas da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Wuri ne da ba ruwa sai wanda tankoki suka kawo, zinariyar kuma a cikin dutse take, sai an haƙa rijiyoyi masu zurfi. Dubban mutane daga Nijar, Cadi, Sudan, Najeriya da sauran ƙasashe suka taru. Bambancinsa da Agadas ta 1899 da Arlit ta 1971 shi ne, a wannan karo mai haƙa da kansa ke riƙe da kyamara, a aljihunsa.

Kyamarar waya, mafi yawanci, ba ta da ƙyauren da ke motsi ko kaɗan. A madadin fim akwai ɗan allon lantarki mai miliyoyin ɗigogi, kowane yana tara caji gwargwadon hasken da ya sauka a kansa. Asalin dabarar daga Willard Boyle da George Smith ne a 1969 a Amurka, kuma wayoyi masu kyamara sun fara fitowa a Japan a 1999 da 2000. Buɗewa a nan tana nufin a zubar da cajin da ke cikin ɗigo a fara sabon tari. Rufewa kuma a karanta abin da ya taru. Ƙarar «ƙyas» da waya ke yi sautin da aka naɗa ne kawai, don kunne ya gamsu. Ana karanta allon layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, kamar almajiri yana bin allonsa da yatsa, wato dai tsohuwar tsagar labule ce ta dawo a sabuwar kama. Shi ya sa hoton da aka ɗauka ta tagar mota mai gudu yakan nuna turaku da mutane a karkace, kuma fitilar da janareta ke kunnawa takan zana ratsi-ratsi a hoto, domin tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ido bai lura ba. Manyan kyamarori ma sun bi sahu: Nikon Z9 ta 2021 ba ta da ƙyauren inji, kuma a 2023 Sony ta gabatar da wadda ke karanta dukan allon a lokaci guda.

Tsohuwar doka ba ta sauya ba. A bakin rijiya, cikin rana, waya takan zaɓi kashi ɗaya cikin dubbai na daƙiƙa, ƙwayar zinariya a tafin hannu ta fito tas. A ƙasan rijiya, da fitilar goshi, sai ta tsawaita lokaci, mai sara da guduma ya zama hazo. Sabbin wayoyi kan magance haka ta hanyar ɗaukar hotuna da yawa a jere su narkar da su cikin ɗaya, don haka abin da ya fito ba lokaci guda ba ne, haɗin lokuta ne da na'ura ta shirya. Kamar a titin Daguerre, mai hutu ya fi mai aiki fitowa, kuma hoton sa'a ya fi hoton wahala saurin isa gida.

Kammalawa

Waɗannan hotuna ba su da tabbacin daɗewa. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris na 2021, iyalai da yawa suka bar Akokan da kundayensu. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Shagunan hoto na baƙi da fari sun durƙushe tun da injinan wanke hoto mai launi suka shigo a shekarun 1980, kuma zafi da gara ba sa raga wa fim. Na waya sun fi rauni: waya ta faɗa rijiya ko a sace ta, shekaru su tafi. Akwai kuma abin da mutane kaɗan suka sani: waya tana rubuta rana da sa'a da tsawon buɗewar ƙyaure a cikin kowane hoto, amma idan an tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp ko Facebook wannan bayani yakan goge. Ƙungiyar da ke son tattara tarihin Cibarakaten sai ta nemi ainihin hoton daga wayar da ta ɗauka, da izinin mai shi, ta rubuta wuri da abin da ake yi. Na takarda kuma a rubuta a bayansa da fensir sunan shago da shekara da dalilin ɗauka, tun masu sani suna raye. Cibiyar IRSH ta Yamai da Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, wurare ne da suka dace a ajiye kwafi.

A aji kuwa, kafin a tambayi ɗalibai abin da suka gani a hoto, yana da kyau a tambaye su tsawon lokacin da aka ɗauka, da wanda ya danna, da wanda motsinsa ya hana shi fitowa. Hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27 ta fito a hotuna ba adadi domin ba ta motsi. Masu hawa katakanta suna yi mata yaɓe ba su sami wannan gata ba sai da ƙyaure ya yi sauri. Kwali guda da allura da farar takarda mai shara-shara sun isa a maimaita gwajin Ibnul Haisam a harabar makaranta: a huda gefe ɗaya, a manna takardar a ɗaya gefen, ɗalibi ya lulluɓe kansa da zane ya ga abokansa kai a ƙasa. Idan ya sa yatsa ya toshe kafar, ya ɗaga, ya mayar, to ya riƙe ƙyauren haske da hannunsa, kuma zai fahimci cewa duk abin da ya faru yatsansa na kan kafar, takarda ba ta gan shi ba.